Mahaucin Ɗan Madam

Ku samarin da ke zama bakin tasha bisa kabu-kabunku, ina jin abin da kuke faɗi in na wuce da amalanke. Wai Lawali ya samu banza. Wai mi ke cikin aikin, ban da a ɗauki nama a jefa ma zaki ta saman shinge, a juyo gida, ƙarshen wata a miƙa hannu. Ɗayanku har ya tare ni rannan ya ce, "Baba Lawali, in ka gaji ka faɗa ma Ajidan na gidan zaki ina nan." To ban gaji ba. Amma tunda kun iya karatu, ni ma na taɓa lekol har aji uku kafin Baba ya fiddo ni ya kai ni mahauta, bari in rubuta muku. Ku karanta, ku bar ni in sha iska.

Aikina na farko wankin tumbi ne. Baba, Allah ya jiƙan shi, ya zaunar da ni bayan mahauta da garwar ruwa, ya turo mini tumbin sa da ɗuminshi. A juye shi, a kaɗe, a wanke, a sake wankewa. Hanji kuma ka bi shi da yatsa biyu tun daga kai har ƙarshe, kar ya tsinke. In ya tsinke, mari. Na yi shekaru ban riƙe wuƙa ba sai in zan miƙa ma wani. Daga nan aka ba ni hurin akuya: ka tsaga fata kaɗan a ƙafar baya, ka sa baki ka hura har ta kumbura kamar salka, ka bubbuga, sai fata ta rabu da nama ba tare da ka huda ta ba, don majema ba su sayen fata mai huji da daraja. Sai da gemu ya fara tsiro mini Baba ya bar ni na yi fiɗar sa ni kaɗai, shi yana tsaye yana tsaki.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Doguwar wuƙar yanka, wadda ba ta taɓa komi sai wuya. Gajerar wuƙar fiɗa. Barandami na saran ƙashi, kututturen aduwa da ake sara a kai, ƙugiyoyin rataye, da dutsen washi na kakana wanda tsakiyarshi ta lotsa kamar an zauna a kai. Baba yakan ce duk waɗannan ba komi ba ne, maƙeri na iya yi maka wasu gobe. "Mace in ta zo teburinka ba ta ga abin da ka yanka ba. Ba ta san ko da bismilla ya mutu ko a rami ka tsinto shi. Tsoka dai ja ce. Sunanka take saye, Lawali. Ran da sunan ya yi wari, ko ragon balami ka rataye ba mai tsayawa." Teburinshi shi ne na farko a layin mahauta in ka shigo kasuwa ta gabas. Na gaje shi, na gaji masu sayenshi. Babbarsu Hajiya Zali mai gidan tuwo na tasha, wadda tun ina wankin tumbi take aiko tire wurinmu.

Wata ranar kasuwa ina cikin saran haƙarƙari wani mai kakin gandun daji ya tsaya gabana. Ajidan Musa ke nan, na gidan namun dajin da aka kewaye da giriyaj, shingen waya, arewa da gari, wajen hanyar Badar Gula, inda suke aje barewa da jimina da kunkuru. Na ɗauka hanta zai saya.

"Lawali, mahauci muke nema mai tsabta. Nama a kai a kai, ba fashi."

"Baƙi kuka yi?"

"Zaki muka yi."

Na aje barandami. Ya ce jandarmomi ne suka kama shi cikin kamiyo, babbar motar kaya, mai tafiya arewa, a akwatin katako ƙarƙashin buhunan albasa. Tun yana jinjiri aka raba shi da uwarshi, bai taɓa kama ko ɓera ba, in aka sake shi daji yunwa za ta kashe shi.

"To wa zai biya? Gwamnati?"

Ya yi dariya. "Wata mata ce a ƙasar Nasara ta ɗauki riƙonshi."

"Za a kai mata shi ke nan."

"A'a, yana nan."

"To ita za ta zo ta zauna?"

"Ba ta taɓa taka Nijar ba."

"In ya girma nata ne? Ta sayar, ko ta ɗauki fatar?"

"Ba nata ba ne. Ba na kowa ba ne."

"To mi za ta samu?"

"Foto."

Ni na san riƙo. Wanda ka riƙa yana gidanka, yana ci a akushinka, ka aike shi, ka dake shi, ka yi mishi aure. Na san habbanaye na Fulani, ka ba mutum karsana ya kiwata, ta haihu, ya riƙe ɗiyan ya maido maka da uwar. Ko ta ina ka duba akwai igiya, kuma akwai mai riƙe da bakinta. Wannan fa na duba na duba ban ga igiyar ba. Amma da Ajidan ya faɗi abin da za a riƙa ba ni, na ce to.

Naman farko da na kai, ko gwamna zan kai ma sai haka. Bajimin sa na saya hannun wani Buzu, na ɗebi cinya da gadon baya, na zare ƙashi, na bi jijiya na cire, na share kitse. Tsoka zalla, ko jariri zai iya tsotsa. Haka aka koya mini: wanda ya biya da kyau ba a auna mishi ƙashi. Na iso ina jiran in ji ruri. Sai na tarad da wani abu kwance ƙarƙashin rumfar zana, kai ƙato, ƙugu siriri, yana kallon bango kamar wanda aka yi ma sata. Matar ta raɗa mishi suna, yana nan rubuce a allo bakin ƙofa, amma ba harshen da ke iya juya shi a Dakoro. Masu gadi Ɗan Madam suke ce mishi, don wai in ta kira telehon haka take tambaya, ina ɗana, ɗana ya ci?

Ku masu cewa jefawa ake yi, ku saurara. Ɗaki biyu gare shi, da ƙofar ƙarfe a tsakani da ake ja da igiya daga waje. Sai an yaudare shi ya shiga ƙaramin, a saki ƙofa, a sa sakata, a girgiza ta a tabbata, sannan ka shiga babban da ƙafarka. Ka kwashe abin da ya rage, ka share, ka wanke kwamin ruwa, ka duba kashinshi ko da tsutsa, ka aje nama. Duk wanga lokaci yana bayanka, kana jin numfashinshi ta ƙarƙashin ƙofa yana tada ƙasa. Mai gadin tsoho ne, hannunshi na rawa, shi ne mai riƙon igiyar.

Bayan ƴan watanni Ɗan Madam ya fara jan ƙafafun baya. In ya tashi sai ya zauna. Aka kira wata likitar dabbobi daga Maradi, yarinya ce, ba ta girmi ɗiyata ta fari ba.

"Baba, mi kake ba shi?"

Na buɗe buhu na nuna mata, ina jiran yabo. Ta dafe kai.

"Ina ƙashin? Ina hanta? Ina fatar?"

"Wane ƙashi? Madam kuɗin nama ta biya."

"Baba, a daji wa ke yi ma zaki fiɗa? Da gashi da ƙashi da kayan ciki yake haɗiyewa. Ƙashinshi ne ke laushi don ba ya cin ƙashi. Daga yau ka yanka, ka sara huɗu, ka kawo. Kar ka gyara komi."

Tun ina yaro ake marina don in cire, yau ana yi mini faɗa don na cire. Na bi abin da ta ce, na riƙa kawo mishi aikin da in Baba ya gani zai kore ni daga gida, ga shi kuwa ya miƙe, gashin wuya ya fito mishi, har ya fara ruri da yamma jiminu na gudu. Har yau kaina bai ɗauka ba. A nan dai kuna da gaskiya: sara huɗu ko mahaukaci zai iya. Ba nan wuyar take ba.

Wuyar ta zo da shekarar da damina ta ɗauke tun hatsi bai fidda kai ba. Makiyaya suka zubo bisashe kasuwa, saniya na tafiya kana ƙidayar haƙarƙarinta, ana roƙonka ka saya kafin ta faɗi. Lokacin Ɗan Madam ya ci kamar sarki. Wata rana na haɗu da wani tsoho daga wajen Mai Yara, ya ɗaura ƙullin kaya a kai zai shiga gari neman abin yi. Ya leƙa amalanke ya ga cinyar sa.

"Na wane mai rabo ne?"

"Na zaki ne, Baba."

"Wa ke ciyad da shi?"

"Wata mata can ƙasar Nasara."

Ya gyara ƙullinshi a kai. "In ta tambaya ko da wani, ka ce mata akwai tsoho, ba ya cizo."

Shekarar da ta biyo sai abin ya juya. Bisashen da suka rage ba mai sayarwa, kuɗin sa ya hau inda ba a kamo shi, abin da Madam ke aikowa kuwa yana nan yadda yake, bai ƙaru ba bai ragu ba. Ajidan ya same ni ƙarƙashin aduwar gidan namun daji, inda nake yanka, ina wanke hannu.

"Lawali, sa ya fi ƙarfinmu. Likita ta ce jaki ma nama ne a wurinshi. Tsofaffin da suka kasa jan guga, ana samu da sauƙi."

"Ajidan, ka san ko ni ɗan wane ne?"

"Na sani. Zakin ne bai sani ba."

Na je wurin malamin unguwarmu na tambaya. Ya ce ciyad da dabba mai jin yunwa lada ne, kuma tunda ba mutum zai ci ba, bai ga laifi ba. Na ji sanyi. Bayan kwana kaɗan na hangi ɗanshi da kwano yana sayen nama a teburin da ke bayan nawa.

Jakin farko a kasuwar Ajekoriya na saye shi, don kar a gan ni a gida. Tsoho ne, baya duk gyambo, ya bi ni ba gardama. Na sayi sababbin wuƙaƙe da barandami, na ɗaura ma kowanne jan ƙyalle a ƙota, na samu akwatin ƙarfe na aje su can gidan namun daji, ba su taɓa shigowa gari ba. Riga daban, takalmi daban. In na gama in wanke hannu da toka, in sake da sabulu, har gwiwar hannu. Duk abin da mutum zai yi na yi. Abin da ban yi ba shi ne ɗinke bakin dillalin da ya sayar mini da jakin a Ajekoriya. Ga shi lokacin ana ta maganar masu yanka jakai don fata, wai naman kilishi ake yi da shi.

Ranar da Hajiya Zali ta zo da kanta maimakon ta aiko, na san akwai magana. Ta tsaya nesa da tebur.

"Hajiya, barka da zuwa. Yau cinya ce irin taki."

"Cinyar mi, Lawali?"

"Subhanallahi! Ga tampon, hatimin likitan mahauta, ki duba."

"Tampon bisa nama yake, ba bisa wuƙa ba." Ta gyara mayafi. "Ɗana, ni na san gidanku. Ni na yarda. Masu cin tuwona ne ba su yarda ba. Jiya wani direba ya ciro nama daga miya ya yi kukan jaki, duk rumfar aka tsame hannu. Ni ma da bakin da nake ciyarwa."

Ta wuce teburin Illa, ɗan ƙanen Baba, wanda ni na koya ma riƙon wuƙa. Daga ranar nama ke kwana mini. Ƴan mata masu talla in sun zo daidai teburina sai su ƙara sauri suna ƙunshe dariya.

Sarkin Fawa ya kira ni zaurenshi. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce, "Lawali, ubanka abokina ne. Ba ka yi haram ba, na bincika. Amma warin ya fara bin layi duka, mutanen ƙauye sun fara cewa naman Dakoro sai an yi tambaya. Ko tebur, ko zaki. Ka ba ni amsa kafin azumi."

To ku da kuka fi ni lekol ku auna mini. Teburin Baba ne, amma ba mai tsayawa, kuma ban san ko za su dawo ba ko na bar zakin. Gida cike da baki. Abin da ke shigowa kawai na Madam ne, matar da ban san fuskarta ba, ban san ko tana da miji da zai ce ta bari ba, ban san ko gobe za ta ga wani biri ya fi ba ta tausayi ba. Sai na tuna yadda Baba ke yi. Babban mai saye ba a barinshi a kan ciniki kawai. Ka yi mishi wani abu da hannunka, kyauta, ka aika. In ya ci ya aiko da godiya, amana ta ƙullu, don wanda ya ci namanka na kyauta ba ya barinka ba sallama. Haka ya riƙe Hajiya Zali, haka ya riƙe gidan alƙali. Na ce bari in ɗaura igiyar da kaina.

Kilishin da na yi mata ban taɓa yin irinshi ba. Cinyar sa ta gaske, da wuƙaƙen Baba. Na yanyana tsoka shara-shara har kana ganin rana ta ciki, na shanya bisa karan dawa. Na daka ƙuli-ƙuli da citta da kanumfari da masoro, na rage barkono don an ce Nasara ba su da ƙarfin baki. Na tsoma, na sake shanyawa, na gasa a garwashi marar hayaƙi. Na naɗe a takarda mai tsabta na kai ma Ajidan, na ce a ba Madam, a ce daga mahaucin ɗanta. Da aka kwana biyu na tambaye shi.

"Ya isa?"

"Ya isa. Ta gode ƙwarai."

Washegari na je wurin Sarkin Fawa na ce na zaɓa. Na kwance ƙugiyoyina, na ɗauki dutsen kakana. Kututturen ya yi nauyi, na bar ma Illa, shi aka ba teburin.

Bayan ƙaramar salla likita ta dawo duba Ɗan Madam, ta kira Madam ta telehon irin wanda ake ganin fuska, don ta ga ɗanta yana tafiya. Ta ce in matso a gaisa. Na ga wata tsohuwa ramammiya, gashi fari fat, da kyanwa a cinya. Tana ta ɗaga mini hannu kamar ta ga ɗan'uwa. Faransancina bai wuce na aji uku ba, sai na ce ma likita, "Ki ce mata in layya ta zo zan sake yi mata kilishi, wanda ya fi na farko."

Likita ta faɗa mata. Tsohuwar ta yi dariya ta dafa ƙirji, ta yi magana mai tsawo.

"Ta ce ta gode, Baba, amma ita ba ta cin nama."

"Ciwo gare ta?"

"A'a. Tun tana budurwa ta bari. Wai tausayin dabbobi take ji."

Na juya. Ajidan ya ba mu baya yana kallon jimina kamar yau ya fara ganin ta.

"Ajidan, kilishina fa?"

"Lawali, ba a barin nama ya shiga can. Ban so in karya maka zuciya ba. A biro, nan ofishinmu, muka ci." Ya sosa ƙeya. "Wallahi ya yi daɗi."

Na koma ga likita. Na ce ta tambayi Madam, tunda tausayin dabbobi take ji, ko ta san abin da nake yankawa ƙarƙashin aduwar can da kuɗinta. Likita ta dube ni, ta dubi telehon, ta ce, "Baba, wannan ba zan fassara ba." Tsohuwar na ta murmushi. A bayanmu Ɗan Madam na fasa ƙashin jaki, ana jin ƙarar har cikin telehon, ita kuwa sai cewa take, ɗana, ɗana.

Shekaru ke nan. Kuɗin ba su taɓa fashi ba, ko wata ɗaya. Ba ta ci namana ba, ba ta san sunana ba, ba abin da ya ɗaure ta, kuma ba ta bari ba. Hajiya Zali da ta ci kyautar gidanmu tun ina yaro ta bari. Ku faɗa mini wanne ne amana, ni na kasa ganewa. Kullum ƙarshen wata ya matso ina kallon fuskar Ajidan, don matar tsohuwa ce, kuma ban san ko tana da magaji mai son zaki ba.

Da layya, da can tun kafin a sauko daga idi ake layi a ƙofar gidana, kowa na son Lawali ya yi mishi fiɗa. Yanzu ina zaune a dakali ina kallon yara na huda fatun raguna, ba mai cewa zo ka kama. Rabi matata in za ta sa nama a miya, teburin Illa take aikawa, ta ce a bi ta bayan kasuwa.

Kai da ka ce in faɗa ma Ajidan kana nan, ba sai na faɗa mishi ba. Tsohon mai gadi hannunshi ya ƙara rawa, ana neman mai riƙon igiya, daga nan a koya maka sauran. Ka same ni ƙarƙashin aduwa ranar da nake yanka, akwai wuƙa ɗaya a akwati da ba mai ita. Amma kafin ka zo, ka je gida ka yanka ma uwarka kaza da hannunka, ka zauna ka ga ta ci. In ka taɓa wuƙa mai jan ƙyallen, ba za ta ƙara ba ka ka yanka mata ba.